Rasuwar Farfesa Saura-Kaɗan, Mai Nema wa Marasa Lafiya Ɓargo

Cikin alhini da karayar zuciya, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Cibiyar Binciken Jini da Dashen Ɓargo suka samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Shugabar Sashen Lissafi, Mamba a Majalisar Amintattu, Farfesar da kowa a nan, tun daga Babban Darakta har mai gadi, ya fi sani da Anti Saura-Kaɗan, wadda Allah Ya yi wa cikawa a ɗakin jinya na saman benenmu bayan doguwar fama da cutar dajin jini, ba tare da an samo mata mai ba ta ɓargo ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai buƙatar dashen ɓargo sai an samo masa wanda ƙwayoyin halittarsa suka dace da nasa, kwamfuta kuwa tana ganin waɗannan ƙwayoyi ne a matsayin dogon jerin haruffa. Kafin zuwan marigayiya, na'urarmu ba ta san komai ba sai daidai ko babu. Harafi ɗaya ya saɓa, ta watsar da mutum, har marigayiya takan yi mata tsiya cewa ta fi uwar miji tsirfa. A ɗan ƙaramin ofishinta mai fanka mai ƙara, da kofin shayin da kullum yake hucewa ba ta sha ba, ta tsara lissafin da ke ɗora jeri a kan jeri, ya ƙirga wuraren saɓani, ya riƙe duk wanda saɓaninsa bai wuce wanda likitoci suka ce jiki zai jure ba. Yara da yawa da ke zuwa makaranta a yau ta wannan hanya aka samo musu masu taimako, kuma daga bakin iyayensu laƙabinta ya fito, don ba su taɓa jin ta ce babu ba, sai dai saura kaɗan.

Da cutar ta kama ta, sai aka shigar da nata jerin cikin na'ura kamar na kowa, aka yi ta nema, shiru. Ɗalibanta da ta raina da hannunta suka kasa haƙuri, suka yi abin da mai wannan sana'a kaɗai zai iya: suka ƙara yawan saɓanin da lissafin ke yafewa, daga ɗaya zuwa biyu, daga biyu zuwa huɗu, har sunaye suka fara fitowa, suka hau bene da murna. Marigayiya ta sa tabarau, ta dubi allon, ta tambaye su nawa suka yafe. Suka faɗa mata. Ta ce musu, “Yarana, ba ni kuka samo wa magani ba, kanku kuka samo wa sauƙi. Ku mayar da shi yadda likita ya ce, kada gobe ku yi wa ɗan wani haka.” Suka sauko suna kuka, suka mayar.

Cibiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta, dattijon arziki, Shugaban Makaranta mai ritaya, da 'ya'yanta da jikokinta da ɗalibanta, tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta mata, Ya sa cutar ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi. Mu kanmu muna neman wanda zai yi mana ta'aziyya.

Har ranar da aka kai ta makwancinta, na'urar tana ta nema mata mai ba da ɓargo, domin a sashen an rasa mai ƙarfin zuciyar da zai tsayar da binciken. Da muka je gaisuwa, Babban Darakta ya nemi izinin maigidanta a kashe binciken. Dattijon ya ce, “Kada ku kashe. Ku cire jerinta, ku sa na wanda ke bayanta a layi.”

Mun yi hakan. Wanda ke bayanta yaro ne ɗan aji uku, kuma ana nan ana nema masa.

Malam Dogo,
Kakakin Cibiyar Binciken Jini da Dashen Ɓargo,
a madadin Babban Darakta da Hukumar Gudanarwa.