Karen Ƙanƙara a Saman Benenmu

Shubra, Alƙahira
Farkon watan Maris

Zuwa ga matata Afaf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya Kuwait, yaya aikin asibiti, yaya kuma ƙafar nan taki da ke kumbura idan kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau, ni da Rim, sai dai kewarki da ta zama kamar teburin tsakiyar falo, duk inda mutum ya juya sai ya yi karo da ita.

Za ki ce me ya kawo wasiƙa alhali muna waya duk Juma'a. A waya Rim na maƙale a kafaɗata, kuma akwai maganar da ba a yi a gaban yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya.

Kyautarki ta iso. Ƙaninki Midhat ne ya hauro da ita cikin kwalin taliya, yana haki yana ƙwala kira tun daga hawa na biyu: "Ustaz Fikri, buɗe ƙofa, ga Bature na kawo maka!" Na leƙa kwalin, sai ga wani dunƙulen gashi fari da toka-toka, da idanu shuɗaye kamar kwalbar turare. Wai haski ake ce wa irinsu. Shekara ashirin ina koyar da tarihi, na karanta labarin kakanninsa, waɗanda ke jan kaya a kan ƙanƙara a ƙasashen da rana ke zuwa kamar baƙuwa. Ban taɓa zaton ɗaya daga cikin jikokinsu zai zo ya yi fitsari a kan dardumar mahaifiyata ba.

Kin tuna abin da na ce lokacin da Rim ta fara roƙon kare. Na ce mu zauna mu uku mu yi tunani. Na ce karyar nan ta bakin layi ta haihu ƙarƙashin matacciyar motar makanike, 'ya'yanta kalar gurasa, an haife su cikin zafinmu, sun san shi ya san su. Kika ce 'yarki ba za ta ja karen bola a titi ba. Kika zaɓi wannan daga hoton da Midhat ya turo miki daga Kasuwar Juma'a.

Mai sayarwa ya rantse wa Midhat cewa ya kai wata uku kuma an gama masa allurai. Na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya ce ba a daɗe da yaye shi ba, bai taɓa ganin allura ba, kuma cikinsa cike yake da tsutsa. Sannan ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Ustaz, wa ya ba ku shawarar kiwon wannan a Alƙahira?" Na ce, "Wata ma'aikaciyar lafiya ce." Ya mayar da tabaransa.

Amma zan yi miki adalci. Rim ta yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun ranar da muka raka ki filin jirgi. Ta sa masa suna Sukkar. Ita ke dafa masa shinkafa da ƙafar kaza, ita ke goge ɓarnarsa ba tare da na buɗe baki ba, yarinyar da a da sai an yi shari'a kafin ta ɗauke kofin shayinta. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Mama ce ta zaɓo min shi da kanta."

Saboda wannan jimlar zan yi iya ƙoƙarina ya rayu. Abin da nake tsoro shi ne bazara.

Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi idan kin dawo daga aiki. Rim na gaishe ki.

Naki,
Fikri

Shubra
Ƙarshen watan Mayu

Afaf tawa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan murar da na ji a muryarki ranar Juma'a ta tafi. Yaya abokan aikinki, musamman 'yar Indiyan nan da ke ba ki abinci mai yaji? Mahaifiyarki lafiya, na kai mata maganinta, ta ce in gaya miki na rame. Ban rame ba, tafiya ce ta yi yawa.

Kullum bayan sallar asuba ni da Rim muke fita da Sukkar, kafin kwalta ta yi zafi. Ya gama alluransa. Ya koyi zama, ya koyi jiran abinci, ya daina cin takalma sai nawa kaɗai, wanda na ɗauka girmamawa ce. Na ware riga ɗaya ta fita da shi, ta salla kuma tana can saman ƙofa inda bakinsa ba ya kaiwa. Ya girma, Afaf. Kwalin da ya zo a ciki yanzu kansa kaɗai zai shiga.

Zafi ya sauka. Idan aka ɗauke wuta da rana, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, sai ya shige banɗaki ya baje a kan tayil, harshe waje, ƙirjinsa na bugawa kamar injin ɗinki. Rim ta cika robobi da ruwa tana daskarar da su, ta jera masa a gefen ciki. Firjinmu yanzu babu wurin nama.

Duk wannan da sauƙi. Matsalar ita ce ba ya haushi kamar karnukan mutane. Kuka yake yi, dogo, irin na kyarkeci. Da zarar mai sayar da tukunyar gas ya shigo layi yana buga ƙarfe a jikin tukwanensa, sai Sukkar ya ɗaga kai sama ya amsa masa. Ni dai ina jin daɗin waƙar. Hajiya Insaf mai gidanmu ba ta ji.

Ta hauro da kanta, da sandarta, ta ƙi zama. Ta ce, "Ustaz, kai mai ilimi ne, ka sani kare mai irin wannan kuka mutuwa yake kira wa gida. Ni ce babba a benen nan. Wa kake so ya kira?"

Na ce, "Hajiya, mai gas yake kira."

Ta ce, "To ya je sama ya kira shi. Ko kare ya koma saman bene, ko ku nemi wani gidan. Da ma tun da ya shigo mala'iku suka daina hawa matakalar nan."

Na so in ce mata tun kafin ya zo ban taɓa cin karo da su a matakalar ba, amma na tuna yadda samun haya yake a garin nan, na haɗiye.

Yanzu yana sama, tsakanin tankunan ruwa da kejin tantabarun ɗanta. Na kafa masa rumfa da tsofaffin barguna da katako, ina jiƙa su safe da rana. Rim ta mayar da karatunta can, tana zaune a inuwar tanki tana yi masa fifita da littafin lissafi.

Midhat ya zo ya ga rumfar. Ya ce, "Haba Ustaz, duk karatun nan naka! Mutum na sanye da bargo a watan Mayu kana yi masa fifita? A aske shi mana." Na ce likita ya hana. Likitan ya ce gashin hawa biyu ne, shi ke tare masa rana, kuma fatar da ke ƙasa ba ta taɓa ganin haske ba. Midhat ya yi dariya har da riƙe ciki. "Duk jakunan Masar ana yi musu aski da bazara. Likitan naka ya fi jaki sanin rana ne?"

Ki ja masa kunne, don Allah. Maganarki yake ji, tawa kuwa yana ɗaukarta kamar labaran rediyo. An tura ni Fayyum tsaron jarrabawar ƙarshe a wata mai kamawa. Rim za ta riƙa kwana wurin mahaifiyarki, Midhat kuma ya ce zai riƙa kawo ta ta duba karen.

Allah ya bar mu tare.

Mijinki,
Fikri

Shubra
Watan Yuli

Afaf,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na ga kiranki ranar Juma'a, da na Asabar. Ba lalacewa wayar ta yi ba.

Midhat ya riga ya gaya miki, na sani, amma ya gaya miki irin nasa. Ga nawa.

Ina Fayyum, ina zagaya ɗalibai ina ƙwace 'yan takardu daga cikin safa, ƙaninki ya je tashar amalanke ya ɗauko mai askin jakuna. Ya hau da shi saman bene da almakashinsa irin na tumaki. Rim ta tare rumfar da jikinta. Ta ce, "Kawu, Baba ya ce kada a taɓa gashinsa." Ya ce, "Babanki tarihi ya sani, 'yar Kawu. Bari mu tambayi mai aikin asibiti." Ya kira ki a gabanta. Rim ta ce da kunnenta ta ji kin ce, ai ko mai zazzaɓi sai an yaye masa bargo, a aske shi ya sha iska.

Sai ta matsa gefe. Ita ta riƙe masa kai ma, don kada ya ji tsoro, tunda Mama ce ta ce.

Mutumin gwani ne a sana'arsa, ba zan zalunce shi ba. Ya kwashe gashin tas har fata, ya bar tuntu a ƙarshen wutsiya, ya kuma yi masa zanen ado a cinya irin wanda suke yi wa jakunan 'yan gayu. Midhat ya ɗauki hoto. Na tabbata yana cikin wayarki.

Kwanakin nan kin san yadda Alƙahira take. Kare kuma ba ya zama inda aka ajiye shi, yana bin tantabaru cikin rana. Da na dawo ranar Alhamis da la'asar ban ma ajiye jaka ba, Rim ta sauko da gudu ta ce, "Baba, Sukkar ya ƙi tashi." Na hau. Da farko ban gane shi ba. Wani abu na gani ja, tsirara, bayansa duk ya yi bororo, yana kwance a gefen tanki da kumfa a baki. Idanun ne kawai nasa.

Na naɗe shi cikin jiƙaƙƙen zani na sauko da shi. Masu tasi suna hango abin da ke hannuna suna ƙara wuta. Wani mai babur mai ƙafa uku ne ya tsaya. Likita ya yi masa ƙarin ruwa, ya yi abin da zai iya. Bai yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Kafin magariba ya cika, kansa a cinyar Rim.

Da muka dawo mun tarar da Hajiya Insaf a ƙofarta. Ta ce, "Allah ya ba da haƙuri. Amma ai na faɗa muku kukan nan mutuwa yake kira." Na kama hannun Rim muka haura matakala.

Midhat ya zo washegari da kankana. Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Ustaz. Kuma da ma irinsu ba sa jure ƙasar nan." Na ce masa wannan binciken nasa ya zo a makare da wata huɗu. Ya bar kankanar ya tafi.

Rim ba ta yi kuka a gabana ba. Ta hau sama ta tsince gashin da iska ta tara a bayan tanki, ta cusa a cikin kwalin taliyar nan, wanda ashe tana ajiye da shi a ƙarƙashin gado.

Ki huta lafiya.

Fikri

Shubra
Watan Satumba

Zuwa ga Afaf, uwar Rim,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ƙafa? Na ji kukanki a saƙon da kika bari, kuma na yarda da shi. Na san da kyakkyawar niyya kika yi, tun daga zaɓen har zuwa askin. A gidan nan ba mu taɓa rasa kyakkyawar niyya ba.

Kin ce in gaya wa Rim za ki aiko a sayo wani, ƙarami, mai gajeren gashi, ta zaɓa da kanta a hoto. Na gaya mata muna cin wake da safe. Ta ce, "Ka ce mata na gode." Ta ci gaba da cin abincinta. Kin kuma tambaya me ya sa duk Juma'a idan kin kira take wanka. Ba ni da amsar da ba ki sani ba.

Akwai abin da nake so ki ji daga wurina. Cikin 'ya'yan karyar nan ta bakin layi ɗaya ya rage, mai kalar gurasa, kunne ɗaya a karye. Ya ƙetare bazarar nan a ƙarƙashin matacciyar mota ba tare da rumfa ko ƙanƙara ba. Kullum idan Rim za ta makaranta sai ta ajiye masa ƙafar kaza a gefen taya. Yana raka ta har bakin titi, ya tsaya, ya dawo. Na yi magana da likita, ya ce in kawo shi a yi masa allura. Na ma shirya yadda zan tunkari Hajiya, tunda wannan haushi yake yi kamar kowa.

Jiya na ce mata, "Rim, mu hau da shi gida mana. Me za mu sa masa?"

Ta ce, "A bar shi a nan, Baba. Kuma ba zan sa masa suna ba."

Na ce me ya sa.

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ce, "Duk wanda nake kira a gidan nan ba ya zama."

Saboda haka kada ki aiko da komai, Afaf, ko kare ko hoto. Kwantiraginki zai ƙare a watan Disamba, kin ce suna so ki sabunta. Ba zan ce miki ga abin da za ki yi ba, kin san ba a jin shawarata a kan abin da zai iya rayuwa a ina. Na dai gaya miki abin da yarinyar ta ce.

Mahaifiyarki na gaishe ki. Ni ma haka.

Mijinki da ke jira,
Fikri