Tudun Kopecky

Litinin, 4 ga Mayu
An sake raba wa masu gadin guguwa wuraren da za su riƙa tsayawa. Tudun Kopecky nawa ne, shekara ashirin da shida ke nan. Daga can duk yammacin Kansas a tafin hannuna yake. Ba a biyan ko sisi, amma babu guguwar da ta taɓa shiga garin nan ban riga ta ba.

Laraba, 13 ga Mayu
Na hango baƙin abu ya sauko daga hadari, na kira Doreen ta ofishin ba da agaji a oba-oba. Ta buga jiniya, gari duk ya shige ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ashe Lowell ne, ƙanen marigayi mijina, yake ƙona tsofaffin tayoyi.

Alhamis, 14 ga Mayu
A shagon shan kofi Lowell ya ɗaga kofinsa: "Arlys, wannan tururin fa? A buga jiniya?" Suka kwashe da dariya. Na ce, "Ranar da rufinka ya tashi ka neme ni." Kowa zai iya kuskure da wannan hayaƙin. Kowa.

Asabar, 23 ga Mayu
Zafi tun safe. Ƙarfe biyar ƙanƙara kamar ƙwan kaza. Janelle maƙwabciyata ta biyo ni tudun, wai gidanta ya yi mata shiru tun rasuwar mijinta. Ina duban yamma, ina gani dishi-dishi, ina goge gilashin mota. Ta damƙe hannuna: "Arlys, ga guguwar can tana juyawa, bayan rumbun Lowell!" Na ce na gani. Na kira. Doreen ta ce, "Kin tabbata kuwa?" Na ce, "Buga kawai, 'yar nan!"

Lahadi, 24 ga Mayu
Gidan Lowell babu, sai matakala. Shi da matarsa sun fito da rai, mintuna shida jiniyar ta ba su. Bayan coci ya rungume ni a gaban kowa, yana kuka: "Idonki ne, Arlys." Janelle tana tsaye tana kallonmu. Na bar shi a haka.

Talata, 2 ga Yuni
Na ce wa Doreen ta sa sunan Janelle kusa da nawa a jerin masu gadi. Ita za ta riƙa tuƙi, saboda gwiwata. Yau a tudun sau uku na tambaye ta, "Me kika gani can?" Gwada ta nake yi.