Gardamar Rumasa'u da Iya

Gure, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Sufiyanu, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rahama da yara baki ɗaya, ya kuma sawwaƙe maka ciwon bayan nan da ka yi ta fama da shi bara. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta ɗan ja baya a tsakiya har muka tsorata, amma hatsi ya kai. Shanu suna can wajen Alakoss tare da babban yarona, ya aiko cewa ciyawa ta yi kyau. Ƙanwarmu Biba ta sauka lafiya a Gamu, an samu mace, ta ɗauko hancin nan naku na gidan Baba ba ta rage komai ba. Lambun kwari kuwa rairayi ya sake cin gefensa na gabas, kullum muna kafa shinge yana binne shi, amma dabino ya yi, na ɗaura maka kaɗan a hannun direban da zai kawo maka wannan.

Yaya, na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na gwada, amma da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar lafiyar yara har mu yi sallama, abin da ke cina yana nan a ciki. Kwanakin nan zama bai gan ni ba, in ɗora tukunya in manta ban hura wuta ba. Maganar ƴarka ce, Rumasa'u tawa. Ka san tunda ta samu bak, shaidar gama sakandare, take zaune a gida, sai bana aka buɗe konkur, wato jarrabawar gasa, na ɗaukar ma'aikatan gwamnati, wanda za a yi a nan wurinku, kuma ba kullum ake buɗe shi ba. Ta sa suna. Wani tsohon malamin lise, wato babbar sakandare, da ake ce wa Mushe Nafi'u, yana tara masu shiri a rumfar ƙofar gidansa bayan la'asar, ita ma tana zuwa. Faransanci da lissafi ba ta da matsala da su. Inda ta kafe shi ne wani ɓangare da suke kira lojik, inda za a kawo maka maganar wani a ce ka nuna inda ta yi rauni.

Mushe da kansa ya tako har gida ya yi mini bayani, don abin ya ɗaure masa kai. Ya ce misali takarda za ta ce wani maigari ya faɗa cewa tunda aka gina sabuwar rijiya yara suke tari, saboda haka rijiyar ce ke kawo tarin, sai a tambaya ko hujjarsa ta tsaya. Kowane yaro a rumfar ya ce ba ta tsaya ba, wataƙila sanyi ne ya shigo daidai lokacin. Rumasa'u ita kaɗai ta zaɓi amsar da ta fi lallaɓa maigarin. Da ya matsa mata sai ta ce ita ma ta ga zancen sanyin tun farko, amma ta yaya za ta rubuta da hannunta cewa maigari ya yi kuskure? Haka take yi duk inda aka ce likita ne ya faɗa, ko dattijo, ko liman. Shi kansa Mushe in ya ɗana mata tarko da gangan, ya kawo zancen da ba shi da kai, sai ta sunkuyar da kai ta ce haka ne. Ya ce mini kaifin kai dai tana da shi fiye da kowa a wurin, amma in ta shiga ɗakin jarrabawa da wannan hali, faɗuwa za ta yi.

Ni fa raina ya ɓaci, na kusa ce masa ya tafi da lojik ɗinsa. Yarinyar da duk unguwa ake misali da ladabinta, yau a ce ladabin ne zai kayar da ita? Haka aka rene mu, haka na rene ta, ban kuwa ga laifina ba. Amma bayan tafiyarsa na kasa sukuni, don na san irin karatun da take yi, na kuma san ba ta da burin da ya wuce wannan.

Maganin abin a tsakar gidanmu yake, ban lura ba. Ka san surukata Iya, da yadda suke da jikarta: in sun haɗu babu kunya babu ragi, wannan ta ce tsohuwa mai rowa, waccan ta ce yarinya marar kunya, wasan jika da kaka dai kamar yadda aka saba. Wata rana ina tankaɗe na ji Iya tana cewa tunda ta fara ɗaura jan kallabinta akuyarta take haifar biyu biyu, don haka albarkar kallabin ce. Kafin ta rufe baki Rumasa'u ta taso mata, wai akuyar ta haifi biyu tun kallabin yana rataye a shagon Ɗan Kasuwa, in ana neman wanda za a yi wa godiya a je a gaida bunsurun maƙwabta. Na ajiye rariya na tsaya ina kallonsu. Ashe abin da Mushe yake nema a rumfa yana nan ana yinsa kyauta a gindin turmi.

Tun daga ranar muka sauya salo. Rumasa'u ta dawo da tambayoyin Mushe, ta fassara wa Iya da Hausa, Iya ta gyara zama ta maimaita su kamar ita ta ƙirƙiro, da izza da kaɗa kai, ita kuwa yarinyar ta bi su ta warware ɗaya bayan ɗaya. Da ta koma rumfa sai ta riƙa karanta kowace tambaya da muryar Iya a ranta, maigari ya zama Iya, likita ya zama Iya. Mushe ya ce tamkar an sauya masa ɗaliba. Tsohuwa kuma abin ya yi mata daɗi har ta fara shirya nata. Ta ce duk dabino mai zaƙi daga yammacin lambu yake fitowa, wannan na yamma ne, don haka dole mai zaƙi ne. Rumasa'u ta ce a'a, cewa aka yi masu zaƙi na yamma ne, ba a ce duk na yamma masu zaƙi ba ne, ta zaɓo ɗanye cikin na yamman ta ba ta ta ciza. Da ka ga fuskar Iya da ka yi dariya har bayanka ya warke.

Ana cikin haka sai babbar magana ta taso. Ka san tun rasuwar mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, maganar gidan nan tana hannun wansa Malam Boyi. Ya shigo wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya zauna a tabarma kusa da Iya, aka kawo masa fura, sai ya ce ya yi tunani, Rumasa'u ba za ta Yamai ba. Ya ce ƴar Hamsatu ta je ta faɗi, ɗan Adama ya je ya faɗi, saboda haka mutumin Gure ba ya cin konkur, ba kuwa zai jefa ƴar ƙaninsa a doguwar hanya a banza ba. Ba don mugunta ya faɗa ba, Yaya, tsoro ne irin na uba. Rumasa'u tana durƙushe a gefe, kai a ƙasa, ta ce to Baffa. Ni kuwa ba ni da bakin magana a gaban wan mijina, na ga duk wahalar yarinyar nan ta tafi ke nan.

Sai Iya ta yi gyaran murya. Ba ta ko dubi ɗanta ba, ta juya wajen jikarta ta ce ita ma abin da ta daɗe tana gani ke nan, mutumin Gure ba ya cin konkur, ga ƴar Hamsatu ga ɗan Adama, in marar kunya tana da ta cewa ta faɗa a ji. Na dubi Rumasa'u, na ce a raina ba za ta iya ba. Can sai ta ɗago, idonta a kan Iya kaɗai, ta ce tsohuwa ta ƙirga mutum biyu ta kira su Gure baki ɗaya. Ta ce madam ɗin asibiti da ke duba wa Iya gwiwa ƴar Gamu ce, nan cikin ƙasar Gure, ko daga sama ta faɗo cikin farar riga? Sannan ta tambayi Iya, cikin waɗanda suka zauna a gida ba su je ba, mutum nawa ne suka ci. Iya ta tafa hannu ta ce yarinyar nan ta gama da ita, a kawo mata ruwa.

Malam Boyi dai ba da shi aka yi ba, don haka babu wanda ya kunyata shi, amma babu kalmar da ta wuce kunnensa. Ya shanye furarsa, ya ce bari ya duba awaki, ya fita. Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba, duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in leƙa ko shi ne. Sai ranar kasuwa ya dawo, wurin Iya ya nufa ba wurina ba, ya ce ta gaya wa ƙawarta Rumasa'u ta shirya kaya, ya yi magana da direban kar, babbar motar fasinja, shi da kansa zai raka ta har Damagaram ya sa ta a motar Yamai.

To ga roƙona, Yaya. Wurinka za ta sauka. Don Allah kada ka zaunar da ita ka ce za ka gwada ta, kai kawunta ne, ko me ka ce za ta ce haka ne. Ka haɗa ta da ƴarka Jannat, taubashiyarta ce, tsakaninsu babu kunya. Ka ce wa Jannat ta riƙa tsokanarta da zantukan da ba su da tushe daga safe har yamma, kada bakinta ya mutu kafin ranar. Tsorona ke nan, ta iso birni ta ga manya ta koma gidan jiya, ga shi babu Iya a kusa.

Akwai abu ɗaya kuma da ban so rubutawa ba. Jiya muna ninke mata kaya, zuciyata ta karye, na ce in ta ci shi ke nan na rasa ta, duk wanda aiki ya ɗauke daga garin nan ba ya sake waiwayar gida. Na zaci za ta ce to Inna kamar kullum. Sai ta ajiye zanen da ke hannunta, ta dube ni, karo na farko a rayuwarta, ta ce a hankali wai mutum ɗaya kawai nake nufi na ce duk, kuma shi ɗin ma ba a gama jin ta bakinsa ba. Yaya, ta san wanda nake nufi, kai ma ka sani. Iya ba ta ga fuskarka ba tun zaman makokin ɗanta, kabarin Baba kuma rairayi yana neman rufe shi. In an gama jarrabawa kada ka sa ta a mota ita kaɗai. Ka kawo mini ita da ƙafarka, a karon nan ina so a kayar da ni a gardama.

Iya tana gaishe ka, ta ce a gaya wa Jannat kada ta raga. Malam Boyi da Biba suna gaisuwa. Ka gaida mini Rahama da yara duka. Allah ya ba Rumasa'u sa'a, ya haɗa fuskokinmu da alheri, amin.

Taka ƙanwa,
Habsu