Ranar da Kika Ce In Kai Ki Gida

Ya Kabira, Ummu Majid, sanyin idona, inuwar da na fake a cikinta shekara ashirin da bakwai daga zafin ranar Makka mai ƙona tafin ƙafa!

Ga ni na sallama: ke ce da gaskiya, kuma ban taɓa jin daɗin shan kaye irin wannan ba.

Kin tuna ranar da daktora ta zaunar da mu a asibiti, ta ce cutar daji ta fi ƙarfin magani, abin da ya rage sai kulawar sauƙaƙa ciwo? Na tashi kamar guguwa, na ce gajiya suka yi da ke. Kika riƙo gefen rigata da 'yan yatsun nan da suka koma kamar tsinke, kika ce, "Halas, ya isa haka, Abu Majid. Ba gaggawar mutuwa nake yi ba, so nake a bar ni in rayu. Kai ni gida."

Wayyo ni! Ashe son da nake miki ne yake gana miki azaba? Wata takwas ina jan ki daga allura zuwa allura, kina amai, kina murmushi don kada in karaya!

Yanzu dubi ikon Allah! Samah, ma'aikaciyar jinya, tana zuwa gidanmu na unguwar Zahir, ta daidaita miki maganin zafi, ta koya mini juya ki kada bayanki ya yi gyambo, har ni ma ta saurari fargabata. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, kuma maganinta bai jawo ajali kusa ba kamar yadda na ji tsoro. Ciwon dai ya sunkuyar da kai. Kin ci rabin gurasar tamis da waken ful, har da faɗan na cika gishiri! Talatar nan kuwa na tura ki a keken marasa lafiya zagaye bakwai na ɗawafi, kina ɗaga hannu kina kabbara, fuskarki kamar hantsi bayan ruwa. Wane mayaƙi ne ya taɓa dawowa da nasara irin tamu?

Na san kwanakin ƙidayayyu ne. To na wa ne ba ƙidayayyu ba? Na ɗauki alkawari ba zan mayar da ke gadon asibitin da kika ƙi ba. Hannuna ne zai jiƙa leɓenki da Zamzam, bakina ne zai laƙƙana miki kalmar shahada, kuma ranar da aka tashe mu, ke zan nema.

Naki a nan, naki a can,
Mukhtaru