Jinjirin Watan da Na Ce Na Gani

Fassi,
24 ga Ramalan.

Zuwa ga matata Zulaiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baba da Hajiya da duk mutanen gidanku a Rano. Yaya nauyin jiki? Habu direba ya kawo mini saƙon Hajiya cewa kumburin ƙafar ya ragu, na yi wa Allah godiya. Don Allah kada ki ce za ki ɗauki azumin nan. Sau biyu muna rasa ciki, shi ya sa na kai ki kusa da asibiti, ba don na gaji da ganinki ba.

Mu nan lafiya lau. An gama cire gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai. Ɗinkin Sallah ya taru har kan gadonki. Inna Laraba ce ke aiko mini da abin buɗe-baki, kununta kuwa har yanzu tsaminsa na nan yadda kika san shi.

Ga wani labari. Liman ya sa ni cikin mutum biyar da za su hau dutsen yamma da gari su duba watan Sallah. Ya ce tun da aka ƙaddamar da shari'a abin ya daina zama na jita-jita, duk wanda ya gani sai an kai shi gaban hukuma a Kibiya ya yi rantsuwa an rubuta sunansa. Na ji daɗi, sai da na ji wanda zai shugabance mu: Malam Ishiyaku. Kin san tsakaninmu. Shekara goma ke nan da na bar allonsa ban sauke ba na tafi Kano koyon keken ɗinki, tun daga ranar in na gaishe shi ba ya wuce "lafiya". Abin mamaki, Liman ya ce shi ne da bakinsa ya nemi a sa ni.

Ni na zaci aikin yamma ɗaya ne. Ina! Tun ran ashirin, da an sallame asuba sai ya ja mu bayan masallaci. Ya ce wanda bai raka tsohon wata ba bai san inda zai tari sabo ba. Kullum sai ya sa ni in miƙa hannu in auna masa tsakanin watan da kan rimin gidan Dagaci, in faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Zulaiha, shekarata talatin da ɗaya ina ganin wata, ban taɓa lura yana da tafiya biyu ba. A dare guda yana fitowa gabas ya faɗa yamma kamar rana. Amma daga yau zuwa gobe yana ja da baya ne, yana matsawa gabas kamar faɗin dunƙulen hannu da ɗan ƙari. Shi ya sa kullum yake makarar fitowa da kusan awa guda, yana ramewa yana kusantar mafitar rana, har ya shige haskenta ya ɓuya. Malam ya ce gefensa mai haske kullum rana yake kallo, domin daga gare ta yake samu.

Na yarda akwai ilimi a ciki, amma barci nake ji, ga riguna na jira. Sauran ma sun fara janyewa.

Ki gaishe da Baba da Hajiya. Ranar Sallah da an sauko idi ina cikin motar Habu, in Allah ya yarda.

Mijinki,
Ƙasimu.

Fassi,
30 ga Ramalan.

Zuwa ga Zulaiha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da Hajiya. Yaya jikin? Jiya da azahar Habu ya gaya mini an kwantar da ke asibiti kwana ɗaya saboda jini ya hau, an sallame ki. Tun daga lokacin hankalina ba ya jikina. Allah ya ƙara sauƙi. Ina rubuto miki ne da safe, bakina da azumi, don gara ki ji abin da ya faru daga gare ni kafin fasinjojin Habu su kai shi Rano.

Jiya ashirin da tara muka hau dutse kafin magariba, jama'a suka biyo mu har da 'yan Hisba biyu. Rana ta faɗi, sama ta yi ja, akwai ɗan siririn girgije. Can sama sai na hango wani farin abu, siriri, a lanƙwashe. Na ɗaga murya na ce ga shi. Ja'afaru mai shayi ya bi yatsana ya ce shi ma kamar ya gani. Kafin sauran su daidaita ido, abin ya ɓace. Nan take aka yi kabbara, wasu suka ruga gari. Kafin mu sauko mata sun fara guɗa, an hura wutar tuwon Sallah a gidaje, an kawo babur biyu ƙofar gidan Liman don a kai mu Kibiya, tunda an samu shaidu biyu.

Malam Ishiyaku bai yi kabbara ba. Ya riƙe hannun rigata har kowa ya yi gaba, sannan ya tambaye ni tsayin inda na gan shi. Na ce ya kai dunƙule uku daga ƙasa. Ya tambayi inda ƙahonninsa suka duba. Na ce ƙasa, bayansa na sama. Ya ce rana tana ƙarƙashinsa, ta yaya haskensa zai juya mata baya? Ya ce kuma in da ya kai wannan tsayi, da tun jiya an gan shi. Sai ya tambaye ni abin da na gani da asubar ranar. Zulaiha, ni kaɗai na je masa a asubar nan, kuma ni na nuna tsohon watan a gabas, siriri kamar zare, dab da fitowar rana. Ya ce watan da ke gaban rana da safe ba ya tsallake ta ya yi mata wannan nisa da yamma, tafiyarsa ba ta kai haka sauri ba.

Raina ya ɓaci. Na gaya masa maganar da har yanzu nake jin kunyarta. Na ce ya daɗe yana neman inda zai kunyata ni, kuma ba laifina ba ne in idonsa ya tsufa. Bai mayar mini ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Azumin mutane ne a bakinka, Ƙasimu. Je ka faɗi abin da za ka iya tsayawa da shi gaban Allah."

Daga gindin dutse zuwa gidan Liman ba nisa, amma na daɗe ban isa ba. A hanyar na gane wani abu da ke kaɗai zan gaya wa. Tun da Habu ya ba ni labarin asibiti nake roƙon Allah watan nan ya yi nuƙusani, ya tsaya a ashirin da tara, in zo in gan ki yau. Na hau dutsen ina so in gani. Ban yi ƙarya ba, na ga wani abu, amma ban san ko mene ne ba, ƙila gefen girgije ne ya kama sauran hasken rana.

Da Liman ya ce in hau babur, na ce masa ba zan iya rantsuwa ba, na janye. Ja'afaru ya ce shi dama ni ya bi. Nan take aka fara surutu. Wani ya ce na sa an yanka kaji a banza. Bayan isha rediyo ta ce ba a samu labarin ganin wata ba, a cika talatin. Da asubar yau na je masallaci na tsaya a sahun ƙarshe, na fita kafin a shafa addu'a. Ina wucewa na ji ana cewa ga mai wata nan.

Ki yi mini addu'a. Ki kula da shan maganinki.

Mijinki,
Ƙasimu.

Fassi,
Ranar Sallah, bayan la'asar.

Zuwa ga matata Zulaiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ki miƙa gaisuwata ga Baba da Hajiya, ki ba su haƙurin rashin ganina yau, dalilin na ƙasa. Takardarki ta same ni jiya da yamma. Na gode wa Allah da jinin ya sauka. Na gode miki kuma da ba ki lallashe ni ba, kika ce in je in roƙi gafarar Malam kafin in sa rigar idi. Na karanta layin nan sau uku ina jin haushi, sannan na tashi.

A zaurensa na same shi yana shirin fita, ya ce in zo mu hau dutse, ko da yake ba wanda ya aike mu tunda kwana talatin sun cika. Mu biyu muka hau. Tun kafin rana ta faɗi ya gaya mini inda zan duba: kaɗan hagu da inda za ta nutse, bai fi dunƙule ɗaya daga ƙasa ba, ƙahonni sama, kuma ba zai daɗe ba. Haka aka yi. A nan ya tsaya, siriri, kamar an yanke farce. Da na gan shi na tabbata abin shekaranjiya ba wata ba ne. Na ce Malam ga shi, ya juya fuskarsa wajen, ya yi addu'ar ganin wata, na ce amin.

Sai na durƙusa na nemi gafara kan maganar idonsa. Ya ce in tashi, ai ban faɗi ƙarya ba. Ya ce: "Shekara biyu ke nan rabona da ganin jinjirin wata. Na asubar ran nan ma ban gan shi ba, kai ka gaya mini yana nan, na yarda da kai."

Zulaiha, sai da na zauna. Ashe duk awon da yake sa ni in faɗa da ƙarfi, shi nake gaya wa. Cutar yanar ido ce ta rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba, har iyalinsa. Karatun da yake bai wa ɗalibai da ka yake yi. Ya ce ya nemi a sa ni ne don tun ina ƙarami na fi kowa ido a makarantarsa, kuma ban taɓa ce masa na hardace abin da ban hardace ba. Ya ce fushin da ya yi da tafiyata ya wuce ƙima, ya san haka tuntuni, girman kai ya hana shi faɗa.  Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Yau a filin idi, bayan huɗuba, ya nemi Liman ya ba shi minti biyu. Bai ambaci idonsa ba. Ya ce wa jama'a azumin jiya da suka samu, bayan Allah, su gode wa mutumin da babur ke jiransa ya ce bai tabbata ba, kuma baɗi ma ni zai sa a gaba. Ba kowa ya daina dariya ba, Ja'afaru har yanzu mai wata yake ce mini, amma ya ƙi karɓar komai a kan shayin da ya kawo mini. Ni dai ina ta tunanin inda zan sa kaina da na je Kibiya na rantse. Allah ya tsare ni ta hannun mutumin da na zaga, ba ni da abin cewa sai godiya.

Ga dalilin jinkirina. Na matsa masa ya yarda a duba idon, na gaya masa ana cire yana a asibitin ido a Kano mutum ya koma gani. Da fari ya ƙi, ya ce ya tsufa. Yau bayan azahar ya aiko a ce mini ya amince. Gobe zan zauna da babban ɗansa mu shirya, jibi mu taho a motar Habu, mu kwana Rano in gan ki, washegari mu wuce Kano. Ya ce yana so ya yi miki addu'ar sauka lafiya da bakinsa.

Ki roƙi Baba a yi masa shimfiɗa a zaure, a kawar da turmi da bokitan da ke kan hanyar bayi. Baba kaɗai za ki gaya wa dalili. Ba ya yarda in riƙe masa hannu a gaban mutane, don haka in kun gan mu muna tafe a hankali kafaɗarsa na gogar tawa, kada kowa ya ce komai.

Allah ya sauke ki lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai ƙaunarki,
Ƙasimu.