Abincin Litinin na Baba

Skipton, Talata, 12 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Hilary,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki, da fatan kina lafiya, ke da maigida Rodney da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau, ban da ruwan sama da ya ƙi ba mu hutu, alhali ku kuna can New Zealand kuna shan hantsi abinku. Matata Lorna ta samu sauƙin gwiwa har ta koma aiki. Ni kuma ina nan da bas ɗina, tsofaffin garin nan suna koya mini tuƙi daga kujerar baya.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu. Kin san tun rasuwar Mama cin abincinsa ya lalace, har sai da ya ƙara huji a bel. Nas ɗin da ke zuwa duba shi ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in ya ci gaba da ramewa haka, zama shi kaɗai ya ƙare, sai gidan kula da tsofaffi. Ke ma kin taɓo zancen a wayarmu ta ƙarshe, ban kuma ga laifinki ba. Amma kin san Baba, ranar da aka raba shi da gidan nan an gama da shi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Sai na ce bari in yi masa abincin Litinin irin na Mama, niƙaƙƙen nama da albasa da karas a ƙasa, dakakken dankali da man shanu a sama, a gasa a tanderu cikin kasko mai kusurwa huɗu. Na sayo niƙaƙƙen nama a kanti ranar Alhamis, na haɗa komai, na shafe saman sumul da bayan cokali, na kai masa ina ji da kaina. Baba ya leƙa kaskon ya ce, “Kai Neville, sanƙon wa ka kawo mini? Kuma wa ya taɓa cin abincin Litinin ranar Alhamis?” Ya ɗan taɓa ya ture. Na dawo gida ina ƙunƙuni, ina cewa tsoho ya cika fi'ili. Lorna ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni wa ke niƙa naman a zamanin Mama. Nan na tuna. Ke ma ki tuna: Mama ba ta taɓa sayen niƙaƙƙe ba. Ragowar gasasshen naman Lahadi ne, Baba ke ɗaura injin hannun nan a bakin tebur yana juyawa, kuma shi ke ja wa dankalin layi da cokali mai yatsa. Mu duk mun ɗauka girkin Mama ne ita kaɗai, ashe rabinsa aikin Baba ne, ni kuma na je na ƙwace masa.

Ranar Lahadi muka gasa naman sa a gidansa, muka rage da gangan. Da safiyar Litinin na tono injin a ƙarƙashin matakala, na wanke tsatsar, na ajiye a tebur. Na fara ɗaura shi a karkace. Baba ya kasa haƙuri, ya taso da sandarsa yana cewa, “Matsa can, direban banza, ko ɗaure ƙusa ba ka iya ba!” Ya niƙa naman tas, yana haki yana yi mini faɗa a kan albasa, wai na yanka ta manya-manya kamar ta doki. Da na shimfiɗa dankalin, ya karɓi cokali mai yatsa ya ja layukansa tiryan-tiryan, irin kunyoyin da yake yi a lambunsa. Ya ce layukan ne ke kama wuta su yi ƙamas-ƙamas, sanƙo ba ya gasuwa. Yaya, da ƙamshin ya cika kicin sai da na fita tsakar gida na share ido, don na yi kewar Mama sosai.

Ya ci, ya ƙara, ya suɗe cokali. Saura kusurwar kaskon, wadda ta fi soyuwa, wadda Mama kan ɗauke wa kanta tana cewa ta ƙone, kada ta ɓata mana ciki. Baba ya daɗe yana kallonta, har na fara tsoron kada abin ya juye. Can sai ya ɗebo ya kai baki, ya tauna a hankali, ya girgiza kai ya ce, “Shekara hamsin matar nan tana cutata! Ashe nan daɗin yake.” Muka yi ta dariya har ya sarƙe, na miƙa masa ruwa.

Yanzu kowace Litinin haka muke yi, ragowar kuma ta kai shi Laraba. Jiya nas ta auna shi ta ce ya fara ciko, ta kuma janye waccan maganar. Don haka ki kwantar da hankalinki, ki bar neman gidan tsofaffi. Baba na nan a gidansa, yana da aikin yi.

Ki gaishe mini da Rodney, da Imogen, da ɗan autanki Fergus. Lorna na gaishe ku, haka Gwaggo Beryl, wadda har yanzu take jiran hotunan da kika yi mata alkawari. Baba ya ce in faɗa miki, in kin zo Kirsimeti zai bar miki kusurwa ɗaya, amma fa ɗaya tak, sauran ukun yana rama na baya.

Naki ƙanin,
Neville