Kananzir a Kan Abinci, Sata a Kan Sunan Mijina

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin gidajen abinci na Ɗauki-Ka-Wuce,
Reshen titin Zariya, Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Sunana Hauwa, matar marigayi Malam Sale, kukun da ya yi muku aiki tun ranar da kuka buɗe reshen nan, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Na so in zo ofishinka da ƙafata, to ina cikin takaba, ba halin fita. Shi ya sa na rubuta na ba da a kai jarida. A bainar jama'a aka kunyata shi, a bainar jama'a nake son a wanke shi. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Na farko, maganar dokarku. Malam ya faɗa mini kamfaninku yana da rassa a Ikko har da ƙasashen waje, kuma tsari ɗaya kuke bi ko'ina: girman kaza ɗaya, yankan dankali ɗaya, murmushi ma iri ɗaya. Ranar da ya fara aiki sai da muka yi dariya har da hawaye, yana gwada mini yadda aka koya musu washe baki. Amma akwai dokar da bai yi mini dariyarta ba. Duk abincin da ya huce ba a saya ba, a juye shi a durom, a kwarara masa kananzir. Kuku ne mai zubawa.

An ba su dalili. Wai in ana rabar da ragowa, mutane za su daina saye su zauna jira. Wai masu girki za su riƙa soya fiye da ƙima da gangan. Wai in wani ya ci ya yi ciwon ciki, sunan kamfani ne zai ɓaci. Ni ma waina nake toyawa a cikin gida, na san zafin asara, ban ce maganarku shirme ba ce. Sai dai wanda ya zauna a can ƙasarsu ya tsara wannan doka bai ga Gyadi-Gyadi a shekarar farin nan ba.

Kai ka gani, ranka ya daɗe, ta nan motarka take wucewa. Mutanen karkara sun baro gonakinsu sun cika kangwayen bayan layinmu. Magidanta masu mutunci suna zaman jiran aikin lebura, matansu suna bin gidaje neman surfe a biya su da tsaki. Duk wanda zai saya muku kaza ba ya cikinsu. A kan idon waɗannan mutane mijina yake fitowa ta ƙofar baya da kwalbar kananzir.

Sai ya dawo gida hannunsa na wari, in ajiye masa tuwo ya yi ta kallonsa. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Hauwa, yau ma na zuba." Mutumin da in ƙwayar shinkafa ta faɗi a tabarma sai ya tsince ta ya kai baki. Na ga yana ramewa a tsaye, na rasa yadda zan yi da shi.

Na biyu, abin da ya aikata. Ba zan ɓoye ba, ya karya dokarku. Ya samo wata tsabtatacciyar roba, ya riƙa juye abincin a ciki yana ajiyewa a bayan katanga, takardun naɗe abinci kuwa su ya riƙa zuba wa kananzir. Wata dattijuwa, Inna Dije, wadda fari ya koro daga wajen Kazaure da jikokinta, ita take ɗauka ta raba a kangwayen. Wallahi ko cinyar kaza ɗaya bai taɓa shigo mana da ita gida ba. 'Yarmu Binta har yau ba ta san ɗanɗanon abincinku ba. Tun da ya fara haka Malam ya koma cin tuwonsa, har yana tsokanata wai miyata ta fi ta kamfani gishiri.

Na uku, yadda kuka sallame shi. Da mai duba rassa ya zo daga Ikko ya gano, aka tambayi Malam, bai yi musu ba. Da korarsa kuka yi a ofis, kuka ce ya saɓa doka, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma kun jera ma'aikata a ƙofar shago da rana tsaka, masu saye suna kallo, 'yan tasi sun tsaya, ka nuna shi da yatsa ka ce ga ɓarawo, kowa ya ɗauki darasi. Ina tambaya cikin ladabi: abin da ka yar, ka ce a lalata, wa aka sata wa?

Kalmar nan ta riga shi isowa unguwa. Daga Tarauni har Unguwa Uku babu gidan da ya yarda ya ɗauke shi girki. Ya koma ɗaukar bulo a wajen gini a Hotoro, shi da ba ƙarfin ƙirji gare shi ba. Ban ce ku kuka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ya daina tsayawa a sahun gaba a masallaci, ya daina zama a dakali. Binta ta dawo daga makaranta tana kuka, an kira ta 'yar ɓarawon kaza, yana kwance yana ji, ya juya fuskarsa bango. Wannan ne ya ƙi barin zuciyata, kullum sai na yi kukansa.

Na huɗu, kuma shi ne na ƙarshe. Ranar sadakar uku kuka tuna da mu. Kuka aiko masinjanku, Baba Audu, wai ya karɓo farar riga da hular aiki, kayan kamfani ne. Bawan Allah ya tsaya a zaure ya kasa faɗar abin da ya kawo shi, sai maƙwabciyata Maman Sande ce ta lallashe shi ya faɗa. Ya tarar da gidan a cike da mutanen kangwayen nan. Inna Dije ta zo da ɗan gero a gefen zane, wanda na san surfe ta yi ta samo shi, ta ce a yi wa Malam gumba. Aka yi, aka raba, masinjanku ma ya ci yana share hawaye. Abin da ya rage aka miƙa maƙwabta.

Ga roƙona. Ba kuɗi nake nema ba, wainata za ta riƙe mu da yardar Allah. Ka tsaya a ƙofar nan da ka tsaya, a gaban ma'aikatan nan, ka ce Malam Sale doka ya karya, ba sata ya yi ba. Sannan ka rubuta wa manyanka su sake duba dokar nan, ko don kukun da kuka ɗauka a madadinsa, shi ma yana da gida da zai koma ya ci tuwo.

Rigarku tana nan, ban hana ba. Na wanke ta, na sake wankewa, na goge, amma warin kananzir ya ƙi fita daga hannunta. Ku aiko a karɓa. Sai dai wanda zai zo, ya zo da maganar da zan faɗa wa Binta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa kasuwarku albarka, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna wa 'ya'yanka ranar da za a kira su da abin da ubansu bai yi ba.

Wassalam.

Hauwa, matar marigayi Malam Sale,
Gyadi-Gyadi, Kano.